Kwalbar Makafi ta Ƙarshe

Ku da kuka zo koyon aiki shekaranjiya, na ji ɗayanku yana faɗa wa ɗan'uwansa wai kiwon ƙuda ba sana'a ba ce, a matse ayaba a kwalba a toshe baki, shi ke nan an gama. To sannu da ƙoƙari. Kallon kitse kuke yi wa rogo. Ni Isuhu shekara goma sha shida na yi ina wannan aiki a ɗakin gwaji na wata lakwal, makarantar boko ke nan, a Birnin Ƙonni, ba na'urar sanyaya ɗaki, ba firijin da za a dogara da shi, kuran kuwa, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Ku ajiye wayoyin nan ku saurara.

Ni da farko ɗan dako ne a Malbaza, ina loda buhunan siminti a manyan motoci, har bayana ya ƙi. A shekarar tamanin da biyu wani ɗan unguwarmu mai gadin lakwal ya ce ana neman mai wanke kwalabe, na zo. Mushe ake ce wa malamin lakwal a wurinmu, kuma wanda na tarar shi ne Mushe Lawali, malamin ilimin halittu, ɗan wani ƙauye kusa da Illela tamu ta arewa. Siriri ne, na girme shi da shekara uku ko huɗu, kuma magana ba ta dame shi ba. Malam Isuhu yake kirana, ni kuma ban taɓa ce masa komai ba sai Mushe.

Ranar farko ya ɗauko kwalba ya ɗiga maganin sa barci a auduga, eter ke nan, ya juye ƙudajen a kan farin faranti. Ba ƙudan gida ba ne, ƙananan nan ne masu bin ruɓaɓɓen mangwaro, ɗaya bai kai ƙwayar hatsi ba. Ya tura ɗaya ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ce in duba. Na duba na ja da baya. Ido ja wur, kuma ba ido ɗaya ba ne, ɗaruruwan ƙananan idanu ne a jere kamar saƙar zuma, ba wanda ya karkace. Sai ya janye shi ya turo wani. Wannan kansa sumul, inda ido ya kamata ya zauna fata ce kawai.

Iri uku muke da su. Akwai jajayen ido, waɗanda ko a kasuwa za ka kama. Akwai fararen ido da ya kawo daga Yamai don koyar da ɗalibai. Sai makafi, su ne ran ɗakin. Shi da kansa ya tsinci asalinsu a tulin mangwaro a kasuwar Ƙonni tun kafin in zo, ya yi shekara guda yana haɗa su har iri ya tsaya. Wasu ba ido ko kaɗan, wasu da ɗan guntu mai ƙwayoyi goma ko ashirin. Kullum sai ya zauna ya ƙirga ƙwayoyin nan ya rubuta a littafi. Wani lokaci ya tsaga tsutsa da allura biyu, ya ciro wasu ƴan fatu guda biyu kusa da kai, ya ce daga nan ido yake tasowa tun tsutsa ba ta san za ta yi fiffike ba. Abin da yake nema shi ne abin da ke ba wa fatar nan umarni ta gina ido, da dalilin da ya sa a jikin makafi umarnin ba ya isa. A kan wannan yake rubuta takardar babban digirinsa. Wani babban malami a Yamai ya ce masa ya zo da littattafan tare da ƙudajen da ransu, don in babu ƙudaje, rubutun labari ne kawai. Ba wani wuri a duniya da za a samo irin makafin nan in namu sun ƙare.

Tuƙa abincinsu shi ne aikin da na fara koya, kuma sai da na ɓata tukunya ta fi goma. Garin masara ne, da ayaba da ta nuna lugub, da ɗan sukari, da yisti da nake karɓowa wurin mai gidan burodi. In ya yi ruwa, ƙuda ya maƙale ya nutse. In ya yi tauri, tsutsa ba ta iya hudawa. Kaurin da ake so tsakanin kunu ne da tuwo, ka zuba yatsa biyu a gindin kwalba, ka bari ya huce sarai, don zufar da ke taruwa a jikin kwalba ita kaɗai tana kashe garke guda. Kwalaben kuma na madara ne da na magani, a dafa su a ruwa, a kife su a rana, a toshe da sabuwar auduga. Kayan aikina ke nan, da gashin tantabara guda ɗaya da nake tura ƙuda da shi. Ku kuna da burushi na kanti, amma ban ga wanda ya kai gashin tantabara taushi ba.

Ware mata shi ne inda ake gane mai ido. Namiji ƙarami ne da baƙin gindi, mace ta fi girma. In ana son haɗa iri biyu, sai an sami macen da namiji bai taɓa ba, kuma da ta fito daga kwanso, ɓawon da tsutsa ke zama kafin ta yi fiffike, ba ta wuce ƴan awoyi a haka. Saboda haka sau uku nake zazzage kwalabe, bayan asuba, da azahar, da gab da magariba. Ba Juma'a, ba Lahadi, ba ranar salla. Eter kuma in ya yi kaɗan su farka su tashi a gabanka, in ya yi yawa fiffikensu ya miƙe sama, ka kashe su ke nan. Wata shida na yi kafin hannuna ya daidaita.

Babban abokin gaba zafi ne. Ƙudan nan ba ya son abin da mutumin Ƙonni yake kira rana ta yau da kullum. Sai muka haƙa rami a ƙuryar ɗakin, muka binne randuna huɗu a yashi har wuya, kwalabe a ciki, jiƙaƙƙen buhu a bisa. Sau biyu a yini nake zuba wa yashin ruwa. In ka tura hannu cikin randar ka ji sanyi irin na ruwan sha, to lafiya. In ka ji ɗumi, ka ruga.

Muna da masu zuwa nema. In jarrabawa ta gabato, malaman wasu garuruwa sukan aiko a ba su jajaye da farare. Sai in naɗe kwalabe a jiƙaƙƙen tsumma in kai wa tsofaffin abokaina direbobin siminti, in roƙe su kada su ajiye kusa da inji. Dariya suke mini. A gari kuwa Sarkin Ƙuda ake kirana. Wani Bafillace mai kawo nono duk ya gan ni sai ya tambayi lafiyar garke, ya ce yaushe za a fara tatsa. Ban damu ba, aikina nake ci.

Doka ɗaya Mushe ya kafa mini tun makon farko, kuma ya faɗe ta yana kallon cikin idona:

"Malam Isuhu, duk kwalbar makafi da ka ga mai cikakken ido a ciki, ta lalace. Ruwan zafi. Kada ka jira ni."

Na riƙe. Sau biyu hakan ta faru cikin shekara biyu, sau biyu na dafa ruwa na zuba, ya ce madalla. Ban tambayi dalili ba. Sa'ad da yake koya wa ɗalibai yadda ake gadon kamanni, yana zane-zane a allo, ni ina waje bakin famfo ina wanke kwalabe. Ni ɗan dako ne da bai yi lakwal ba, ban ga abin da zai kai ni cikin aji ba. Shi ma bai taɓa tunanin kirana ba.

Damanar tamanin da huɗu ta ƙi. Iyayenku sun ba ku labari, ba sai na tsawaita ba. Hatsi ya bushe a tsaye, mutanen arewa suka sauko suka kafa bukkoki a bayan gari, iyakar ƙasa kuma a rufe, ayaba ta ɓace daga kasuwa. Mai gidan burodi ya ce yistin da ya rage masa ba na ƙuda ba ne, kuma gaskiyarsa. Haka muka lallaɓa har bazarar tamanin da biyar. A tsakiyar zafin nan aka aiko wa Mushe cewa mahaifinsa yana kwance, ƙauyensu kuma yana watsewa. Ya ce mini mako biyu zai yi. Ya bar mini kwalba goma sha biyu ta makafi, ya ce in abin ya matsa in bar sauran su mutu, in riƙe waɗannan. Mako bakwai ya yi.

Famfo ne ya fara ɗaukewa. Sai na koma ɗebo ruwa daga wata rijiya a fadama, tulu biyu da safe, biyu da yamma, da bayan nan nawa da ya riga ya lalace. Mata suna layi da yara a goye, ni ina ɗiba don in zuba wa yashi. Wata tsohuwa ta tambaye ni gidan wa nake kai wa, na yi mata ƙarya na ce na likita. Na ji kunyar ranar har yau.

Garin masara ya ƙare a mako na biyu. Na saki jajaye, na bar farare suka mutu, duk da haka babu abin tuƙawa. Sai na je ga ƙwaryar matata Rabi. Yaranmu uku a lokacin, sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini. Ta tsaya tana kallona ina ɗibar garin hatsi, ta ce:

"Malam, ɗiyanka na kwana da rabin ciki, kai kana kai ma ƙuda tuwo?"

Na ce mata amana ce, kuma in ƙudan nan suka mutu aikin ma ya mutu. Daga ranar, duk bayan kwana uku ita take cika marfin gwangwani da gari ta ajiye mini a bakin ƙofa, ta juya baya kada ta ga na ɗauka.

Garin hatsi ba tare da yisti ba fumfuna yake yi. Na gwada ruwan tsami, na gwada guntun dabino, wani ya yi, wani ya ƙi. Kwalba biyu fumfuna ta cinye, baƙi ƙirin. Uku suka bushe ranar da zazzaɓi ya kayar da ni na kasa zuwa fadama. Sauran kuwa wani abu ya same su da ban gane ba a lokacin. Mata suna zuba ƙwai fari fat a kan abinci, amma ko tsutsa ɗaya ba ta fitowa. Daga baya na sani cewa zafi in ya wuce kima yana kashe ƙarfin mazan, suna yawo lafiya lau amma ba sa haihuwa. Na dinga tattara masu rai ina haɗawa, daga bakwai zuwa huɗu, daga huɗu zuwa biyu. A ƙarshen mako na biyar kwalba ɗaya ta rage, da mata huɗu a ciki, namijin ƙarshe kuma ya mutu. Auduga ta ƙare tuntuni, da tsumman tsohuwar rigata nake toshe baki.

Mai gadin lakwal, wancan ɗan unguwar tamu, ya leƙo ya gan ni zaune gaban randa. Ya ce me zai hana in je kasuwa in kamo in cika kwalaben, ƙuda ai ƙuda ne, wa zai gane. Na kore shi da faɗa. Amma maganarsa ta zauna mini a rai.

Wata safiya na ɗaga kwalbar a haske, sai na ga ƴan layuka a jikin abincin. Tsutsa! Na ƙirga har na gaji. Na ce ashe namijin nan kafin ya mutu ya bar abin kirki. Na tafi gida da sauri na faɗa wa Rabi, har ta yi murmushi. Kwana goma na yi ina lallashin kwalbar nan kamar jinjiri. Tsutsotsi suka hau jikin kwalba suka zama kwanso, uwayen huɗu suka mutu ɗaya bayan ɗaya, ban damu ba tunda ƴaƴa na tafe.

Ranar da suka fara fitowa, na ɗiga sauran eter da ya rage, na juye su a faranti, na tura na farko ƙarƙashin madubi. Ido ja wur, cikakke. Na ce ƙila idona ne, na turo na biyu. Haka. Talatin da ƴan kai na duba, mata da maza, babu makaho ko ɗaya. Na ɗauki tsumman na jujjuya, sai ga wata ƴar kafa a gefe inda zaren ya saki. Wani namijin waje ya ji ƙanshin dabino ya shiga, ya yi abin da ya kawo shi ya fita.

Na zauna a ƙasa. Baƙin ciki ya cika ni, da tsoro. Ga doka, kuma na san ta sarai. Ga kuma maganar mai gadi. Na ce in Mushe ya dawo ya tarar da kwalba cike da masu ido, me zai ce? Zai ce Isuhu ya kashe mini iri, ya je kasuwa ya kamo ya cika don ya rufe ni. Gara in ce masa sun mutu, a san ni da kasawa, da a san ni da ha'inci. Na hura wuta na dafa ruwa a buta. Na zuba a kan farantin, na zuba cikin kwalbar har baki, da sauran kwanson da bai fashe ba. Na kai bayan ɗaki na juye ƙarƙashin dogon yaro, na wanke kwalbar tas na kife.

Bayan kwana biyu Mushe ya dawo. Ya rame har wuyansa ya fito, mahaifin ya rasu, ya kwaso mahaifiyarsa da ƙannensa ya kawo Ƙonni. Na yi masa gaisuwa, muka zauna a dakalin ɗakin gwaji. Na ba shi labari daki-daki, tun daga famfo har fumfuna, yana jinjina kai. Da na zo kan mata huɗu da tsutsa, ya ɗago. Da na ce ƴaƴan duk sun fito da cikakken ido, sai fuskarsa ta washe, murmushin farko da na gani tun isowarsa.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "To ai ba su mutu ba. Ina kwalbar?"

Na gaya masa.

"Duka?"

"Duka, Mushe. Yadda ka ce."

Sai ya sauko daga dakalin ya tsuguna, ya ɗauki tsinke, ya zana gida huɗu a yashi. Ya ce kowane ƙuda kaso biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Kason gani yana rufe na makanta, amma ba ya kashe shi. Duk waɗanda na dafa, makantar uwayensu tana kwance a jikinsu. Da na bar su sun auri juna, cikin kowane jika huɗu ɗaya zai fito makaho, a ware, iri ya dawo. Ya ce haka shi ma ya fitar da su tun farko. Namijin nan da ya kutso, shi ne ya ceci irin. Dokar ruwan zafi kuwa ta lokacin da muke da wasu kwalabe goma sha ɗaya masu tsabta ce, don kada a ɓata lokaci.

Na gane shi tsaf, cikin abin da bai kai a sha shayi ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na jira ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya jefar da tsinken ya ce:

"Shekara ukku kana nan, ban taɓa ce maka shigo ka zauna ba."

Bari in faɗa muku yadda ta ƙare masa. Littattafansa sun je Yamai sun dawo, ba ƙudaje ba digiri. Damana uku muna bin kasuwanni, Ƙonni da Malbaza da Illela, muna kamawa muna dubawa, ba mu sake ganin irinsu ba. Daga baya aka yi masa canjin wuri, ya koyar da yara har ya yi ritaya, yana Mushe Lawali kamar yadda ya fara. Ni kuma tun daga lokacin nake shiga aji in zauna a bencin baya da gemuna. Shi ya sa in na ba ku doka a ɗakin nan kuka ce to kawai, nake yi muku tsawa. Ku tambaye ni don me.

Amma a ranar da ya dawo ɗin ba mu tsaya a dakalin ba. Ya ce in nuna masa inda na juye. Muka zagaya ƙarƙashin dogon yaro, ya durƙusa da wandonsa na aiki, ɗalibai suna kallo ta taga, ya dinga tona busasshen abincin da yatsa. Ya tsinci kwanso bakwai. Ruwan zafi ya dafa su, rana ta gasa su kwana biyu, ko ni na san ba rai a ciki. Ya ce in tuƙa sabon abinci. Na tuƙa da marfin gari na ƙarshe da Rabi ta ajiye mini. Ya jera su a jikin kwalba da gashin tantabara, ya yago audugar matashin kujerarsa ya toshe, ya sa a randa da hannunsa.

Kwanso kwana huɗu ko biyar yake yi ya fashe, shi ya koya mini haka. Na ci gaba da zuwa fadama safe da yamma ina jiƙa yashi. Kullum da safe ya zo ya ɗaga kwalbar a haske, ya juya ta, ya mayar, ba ya kallona, ba na kallonsa. Kwana biyar suka wuce, goma suka wuce, abincin ya bushe ya tsage. A kwana na ashirin da ɗaya ya ɗaga ta kamar kullum, ya daɗe yana dubawa, sai ya miƙo mini.

"Wanke ta, Malam Isuhu."

Na kai ta bakin tulu na wanke.